Yadda nake lallaɓa Elden Ring a kan tsohuwar kwamfuta a Jidda

Juma'a, 2 ga Agusta, 2024

Kwamfutar da yayana ya bari da zai koma Kano ta dawo ɗakina, kuma na ƙudurta sai wasan Elden Ring ya tafi sumul a kanta kafin in shiga wasan gadan-gadan. Duk abin da na taɓa zan rubuta shi a nan tare da abin da ya biyo baya, don in wani abu ya rikice in san inda zan koma.

Abin da ke cikinta: furosesa Intel i5-8400, RAM sanda ɗaya mai giga 8, katin hoto RX 580 mai giga 8, tsohon faifai mai juyawa na tera 1, sai monita inci 24 mai 1920 da 1080. Kamfanin FromSoftware na Japan ya fitar da wasan ranar 25 ga Fabrairu, 2022. Mafi ƙarancin kayan da suka ce a tanada su ne wannan i5-8400 ɗin daidai, da RX 580 mai giga 4 ko GTX 1060 mai giga 3, da RAM giga 12, da fili giga 60. Ke nan furosesa da kati sun tsallake da ƙyar, RAM kuwa bai ma kai ba.

A cikin kogon farko babu laifi. Ana buɗe ƙofar da ke fita Limgrave, yankin farko na ƙasar wasan, fili ya bayyana da ciyawa da ƙatuwar bishiyar nan mai haske, sai hoto ya fara cijewa. Ya tafi, ya tsaya cak, ya zabura. A wani wasan ana iya haƙuri da haka. Wannan kuwa duk faɗansa a kan lokacin mirginawa yake: abokin gaba ya ɗaga makami, ya riƙe shi a sama, ya sako. In hoto ya tsaya a daidai sakowar, an gama da kai.

Asabar, 3 ga Agusta

Na saka MSI Afterburner da RivaTuner da ke zuwa tare da shi, da GPU-Z. Duk kyauta ne. Na sa su nuna mini zafin kati, da gudunsa, da yawan RAM da ake ci, da adadin hotuna a daƙiƙa, wato FPS, da kuma layin da ke nuna tsawon lokacin da kowane hoto ya ɗauka kafin ya fito.

Layin nan na fi sa wa ido. Wasan a ƙulle yake a FPS 60, ba ya wucewa ko da katin miliyan aka sa masa. A kan 60, kowane hoto yana da milisakan 16.7. A kan 30 yana da 33.3. Lambar FPS matsakaici take faɗa, tana iya nuna 45 alhali a cikin daƙiƙar akwai hoto ɗaya da ya ci milisakan 200. Wannan hoto ɗayan shi ne wanda hannu ke ji.

Na kuma tsayar da hanyar gwaji guda, wadda zan riƙa bi duk lokacin da na canza wani abu: daga wurin hutawa na farko, in ratsa gefen mahayin nan mai sulken zinariya, in wuce cocin Elleh, in bi daji zuwa Gatefront, in gangara tafkin Agheel. Da doki minti kaɗan ne. Akwai ciyawa, akwai inuwar bishiyoyi, akwai sansanin sojoji da wuta, akwai ruwa.

Sakamakon yau a saitin sama: tsakanin 38 da 47, layin kuwa duk tsini. RAM a cike taf, faifai yana ta ƙugi.

Talata, 6 ga Agusta

Na kwafi fayil biyu na ajiye a filas: ER0000.sl2, wanda ke riƙe da ci gaban wasa a cikin AppData\Roaming\EldenRing, da GraphicsConfig.xml mai riƙe da saitin hoto, shi ma a AppData\Roaming\EldenRing.

GPU-Z ya nuna wani abu da bai yi mini daɗi ba. RX 580 na ainihi, wanda AMD ta fitar a 2017, yana da ƙananan injinan lissafi 2304. Nawa 2048 ya nuna. Wannan shi ne samfurin da ake kira 2048SP, wanda aka yi wa kasuwar Sin, kuma a ƙarfi ya fi kusa da RX 570. Na kira yayana, ya ce shi dai na hannu ya saya a wurin wani, ba a kuma faɗa masa ba. To, da abin da ke hannu za a yi aiki. Amfanin sanin shi ne na daina auna kaina da lambobin masu cikakken 580.

Asabar, 10 ga Agusta

Bayan Isha'i na je titin Khalid bin Walid, inda shagunan kwamfuta suke a jere. Akwai wani dattijo Bahaushe, haifaffen Makka, da ke gyara a bayan wani shago, abokin yayana ne tun da daɗewa. Na nuna masa hoton lambobin a waya. Bai ko kalli FPS ba, ya sa yatsa a kan RAM.

Ya ce, "Ɗana, sanda ɗaya ce a ciki?"

Na ce, "Ɗaya ce, Baba."

Ya ce, "To kafin ka taɓa inuwa ko ciyawa, cike wannan. Kuma ka raba wasan da faifan nan mai juyawa."

Bayaninsa: in RAM ya cika, Windows sai ta riƙa zuba abin da ya yi saura a kan faifai tana ɗebowa, faifai mai juyawa kuwa sai allurarsa ta je ta nemo. Wasan da ke loda ƙasa yayin da kake sukuwa a kanta ba zai jira allura ba. Sanda biyu kuma suna buɗe wa furosesa hanya biyu maimakon ɗaya. Na so in sayi mai gudun 3200, ya hana ni, ya ce allon uwar kwamfutar B360 ne, ba ya wuce 2666 da wannan furosesa, kuɗin banza zan ƙara.

Kashe kuɗi: SSD, wato faifai mai sauri da ba ya juyawa, giga 500, riyal 165 har da haraji. RAM giga 8 na hannu, riyal 70. Ya ja kunnena in sa sandunan a rami na biyu da na huɗu daga wajen furosesa, kada in jera su kusa da juna.

Lahadi, 11 ga Agusta

Sabuwar Windows a kan SSD. Wasan yana sauka, zai kwana yana yi.

Talata, 13 ga Agusta

Dattijo ya yi gaskiya. Ban taɓa saiti ko ɗaya ba, amma dogayen tsayawar nan sun kusa ɓacewa. Jiran lodi bayan mutuwa ya ragu ƙwarai, wanda a wannan wasa ba ƙaramin abu ba ne. FPS bai wani tashi ba, 41 zuwa 49, domin yanzu katin ne ke aiki ɗari bisa ɗari. Daga nan saiti zai fara magana.

Juma'a da Asabar, 16 da 17 ga Agusta

Hutun ƙarshen mako ya tafi a kan saiti. Farko na kashe zaɓin da ke barin wasan ya zaɓa wa kansa saitin da ya ga ya dace, don kada in canza abu ya canza wani a bayana. Sannan abu ɗaya a lokaci ɗaya: in sauke shi, in bi hanyar gwaji, in rubuta, in mayar.

Ingancin fatar abubuwa, wato zanen duwatsu da sulke da bango, na bar shi a sama. Wannan ƙwaƙwalwar kati yake ci, ba ƙarfinsa ba, kuma giga 8 ta ishe shi a 1080. Na sauke shi ƙasa don in gani, ban samu ko hoto ɗaya ba, sai dai bangon coci ya koma kamar an shafe shi da laka. Mutane da yawa da shi suke fara saukewa, suna ɓata wasan a banza.

Inuwa ita ce babbar mai ci. Daga ƙololuwa zuwa sama akwai riba mai kyau kuma ido ba ya ganin bambanci. Daga sama zuwa tsakiya akwai ƙarin riba, amma a cikin dajin da ke kafin Gatefront inuwar ganye ta fara rawa a ƙasa. A mataki na ƙasa rawar ta yi yawa har tana ɗauke mini hankali daga sojan da ke tahowa. Na daɗe a nan ina kai da kawowa. Na tsaya a tsakiya, ba don ta fi kyau ba, sai don ina bukatar abin da take bayarwa.

Ciyawa mataki uku gare ta, mafi ƙanƙanta shi ne tsakiya. Limgrave kuwa ƙasar ciyawa ce. A tsakiya ana ganin ta tana tsirowa a gaban doki in ana sukuwa, amma ta ba ni hotuna uku zuwa huɗu a fili, don haka ta zauna a nan.

SSAO, ƴar inuwar da ke taruwa a lungu da gindin dutse, na kai ta tsakiya. Na gwada kashe ta gaba ɗaya, sai komai ya zama kamar ba ya taɓa ƙasa. Hazo da hasken da ke ratsa shi na kai tsakiya. Dishi-dishin motsi da na nesa na kashe su duka, ba ma don riba ba, ni dai ina son in ga hannun abokin gaba sarai lokacin da kyamara ke juyawa. Gyaran gefen abubuwa na bar shi a sama, domin in aka sauke shi ganyaye da ciyawa sai su yi ta ƙyalli.

Ruwa da hoton da ke bayyana a cikinsa ban ga sun canza komai a tafkin Agheel ba. Sai na isa ƙasar da ruwa ya fi yawa zan sake duba su.

Bayan duk wannan: 52 zuwa 60 a kan hanyar gwaji, da daddare.

Lahadi, 18 ga Agusta

Makarantu sun koma, ɗan yayata da ke zuwa kallo ba zai riƙa zuwa ba sai ƙarshen mako. Na yi wasa kaɗan, ban taɓa komai ba.

Juma'a, 23 ga Agusta

Koma baya. Bayan sallar Juma'a na zauna zan fuskanci Margit, ɗaya daga cikin manyan abokan gaba na farkon wasan. Minti ashirin na farko lafiya, daga nan lambobi suka fara zamewa: 50, 46, 43, a wurin da shekaranjiya da dare na ga 57. Saiti bai canza ba. Na duba zafi, katin yana 88, gudunsa ya sauko daga 1284 zuwa wajen 1100, fankokinsa suna ihu. Kati in ya ji zafi ya yi masa yawa, da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone.

Duk gwajin da na yi a baya da daddare ne, kuma gajeru. Ɗakina yana saman bene, bangonsa yana kallon yamma, mukayyif ɗin, wato na'urar sanyaya ɗaki, na taga ne tsoho. Wanda ya san Jidda a watan Agusta ya san ba zafin kaɗai ba ne, akwai laimar teku da ke sa riga ta manne a jiki. Ita wannan laima in ta haɗu da ƙura ba ta barin ta a matsayin gari.

Na kashe, na cire katin, na kwance sukurori huɗun da ke bayansa. Tsakanin siraran ƙarafan sanyaya ƙura ta dunƙule ta zama kamar auduga mai danshi, hurawa ba ta fitar da ita, sai da tsohon buroshin haƙori da tsinke. Ma'ajun ɗin da ke kan guntun katin, man nan mai launin toka da ke kai zafi ga ƙarfe, ya bushe ya tsattsage, ina taɓa shi yana zuba. Mafi muni, ƴan katifun roba da ke kan guntayen ƙwaƙwalwa sun riga sun mutu, ana ɗaga ƙarfen suka rabu biyu, rabi a sama rabi a ƙasa. Ba a mayar da kati haka. Na kira dattijo, ya ce kada in kuskura in kunna shi babu su, kuma kada in sa masu kaurin da ya wuce na asali, in ba haka ba ƙarfen ba zai zauna a kan guntun tsakiya ba, zafin ya fi na da. Ya ce in kawo masa ɓallin tsohuwar ya auna.

Kwamfuta a kwance har sai an samo.

Lahadi, 25 ga Agusta

Yau aka rufe gasar wasannin kwamfuta ta duniya da aka fara a Riyad tun 3 ga Yuli, mai kyautar sama da dala miliyan 60. Ƙungiyar Falcons ta nan Saudiyya ce ta zo ta ɗaya a jimilla. Ɗan yayata ya kira ni yana murna, ya ƙare da tambayar yaushe za a tayar da tamu.

Juma'a, 30 ga Agusta

Katifun milimita 1 ne, riyal 40. Ma'ajun riyal 35. Fanka biyu na akwati riyal 50, ɗaya a gaba tana jawo iska, ɗaya a baya tana fitarwa. Na goge guntun da auduga da sinadarin goge lantarki har ya yi ƙyalli, na ɗiga ma'ajun na baje shi ya rufe ko'ina, na ɗaure sukurori a gicciye kaɗan-kaɗan. Akwatin ma na sauke shi daga lungun da ke tsakanin tebur da bango, na ɗora shi a kan ɗan benci inda iskar mukayyif ke wucewa.

Awa biyu da rana tsaka: zafi bai wuce 75 ba, gudu bai motsa daga 1284 ba. Margit ya faɗi.

Juma'a, 6 ga Satumba

Na gwada rage wa katin wuta ta manhajar AMD, ba tare da rage masa gudu ba. Kowane kati da iyakar abin da zai jure, sai an lallaɓa. Daga milibolt 1150 na riƙa saukowa da 25. A 1050 hanyar gwaji ta wuce lafiya, zafi ya sauka 68. Ina cikin gidan sarautar Stormveil, wuta da tsuntsaye sun cika allo, sai hoto ya yi baƙi, sauti ya maƙale, wasan ya rufe kansa. Runes ɗin da na tara, wato kuɗin cikin wasan, suka tafi a mutuwar da ta biyo baya.

Hanyar gwajina ba ta da faɗa mai walƙiya da yawa, shi ya sa ba ta kama wannan ba. Na koma 1085. Zafi 71, fankoki sun yi shiru har ana jin kiran sallar masallacin unguwa ba sai an cire abin kunne ba. Daga yau duk canjin wuta sai ya sha awa guda a Stormveil kafin in yarda da shi.

Juma'a, 13 ga Satumba

Na fito Liurnia, yankin da ke bayan Stormveil. Ruwa ko'ina, hazo a kansa, ana hango makarantar Raya Lucaria daga nesa. A nan 60 ta gagara: 51, 58, 53, 60, 52. Na sauke hoton cikin ruwa zuwa ƙasa, ribar kaɗan ce. Abin da ya dame ni shi ne 55 a nan ta fi 45 ɗin da na saba gani muni a ido.

Dalili: monita mai 60 tana sabunta hoto duk milisakan 16.7, wasan kuma yana jiran ta, babu ma wurin kashe wannan jira a cikin saitinsa. Hoton da ya makara ko da ƙiris sai ya jira zagaye na gaba, ya zama ya ci 33.3. To a 55 kana samun gajere, gajere, gajere, dogo, ba tsari. Ido ba ya ƙirga hotuna, rashin daidaiton yake gani.

Na nemo takardar monitar a intanet, ashe tana da FreeSync daga 48 zuwa 75, wato tana iya jiran kati maimakon kati ya jira ta. Manhajar AMD kuwa tana cewa babu. Na leƙa baya: wayar DVI ce a haɗe, mai fararen sukurori biyu. FreeSync ba ya bi ta DVI, sai HDMI ko DisplayPort. Wayar HDMI riyal 20 a shagon unguwa. Na kunna shi a maɓallan monitar, na kunna a manhaja, ya kama.

Sai na yi abin da tun farko ban zaci zan yi ba: na ƙulle wasan a 50 da RivaTuner. Hamsin tana cikin iyakar monitar, kuma katin yana iya riƙe ta ko'ina na je zuwa yanzu. Kowane hoto milisakan 20. Layin ya kwanta ɗoɗar. Tunda katin ba ya kai ƙarshen ƙarfinsa, zafi ya ƙara sauka, har na samu sararin mayar da inuwa sama, rawar ganyen nan ta tafi.

Asabar, 14 ga Satumba

Ɗan yayata ya zo, ya ga lamba a kusurwa.

"Kawu, hamsin? Duk wahalar nan a kan hamsin?"

Na ɓoye lambar na miƙa masa abin wasan. Ya yi sukuwa daga bakin tafki har gindin makarantar, ya yi faɗa da ƙaton ƙaguwa, ya ce wannan ai sittin ce. Na buɗe ƙullin ba tare da ya gani ba, bai yi minti biyu ba ya ce, "Kawu, wani abu ya taɓu." Ya ce abokansa suna sa wata manhaja da ke cire iyakar 60 ɗin gaba ɗaya. Na ce masa wasan yana da Easy Anti-Cheat, manhajar kama masu maguɗi; wanda ya shiga intanet da fayilolin da aka taɓa yana iya rasa damar wasa da mutane, mu kuma da ba mu kai 60 ba me za mu yi da abin da ya wuce ta.

Juma'a, 20 ga Satumba

Na sabunta direban kati, wato manhajar da ke tafiyar da shi, sai ƙananan cijewa suka dawo har a Limgrave. Ba lalacewa ba ce. Wasan a kan DirectX 12 yake, kuma duk wani sabon haske ko wuta ko sihiri da ya fara bayyana, sai an fassara wa katin umarninsa a lokacin, sannan a adana don gaba. Sabon direba yana zubar da abin da aka adana, a faro daga farko. Na zagaya wuraren da na saba, na yi faɗa da kowane irin abokin gaba sau ɗaya, zuwa dare layin ya koma yadda yake. Saitin wuta ma ya koma na asali, na mayar da shi 1085 daga abin da na rubuta a nan.

Wannan ya bayyana mini ƴar cijewar da ke zuwa duk lokacin da na shiga sabon wuri ko na ga sabon babban abokin gaba. Ba saitin da zai cire ta. Karon farko da kowane babba na ɗauke shi na kallo ne. Direba kuma ba zan sake taɓa shi ba sai na gama wasan.

Litinin, 23 ga Satumba

Hutun ranar ƙasa ta Saudiyya, na samu zama mai tsawo da rana. Zafi 69, hamsin ba ta motsa ba sai sau ɗaya a ƙofar makarantar.

Inda saiti ya tsaya: 1920 da 1080, fatar abubuwa da inuwa da gyaran gefe a sama, ciyawa da SSAO da hazo da haske a tsakiya, hoton cikin ruwa a ƙasa, dishi-dishi biyun a kashe, FreeSync a kunne, ƙulli a 50. Jimillar kuɗi riyal 380, ɗan sama da dala 100.

Gwaji na gaba yankin Caelid ne, musamman faɗan babban abokin gaba Radahn, inda mayaƙa da yawa ke cikin fili ɗaya, daga nan birnin Leyndell. In hamsin ta kasa a can, inuwa ce za ta fara komawa tsakiya. In bai isa ba, in sauke zuwa 1600 da 900 in kunna ƙarin kaifin hoto na manhajar AMD, wanda ke aiki a wannan kati. Ƙarin wasan da ya fito ranar 21 ga Yuni, Shadow of the Erdtree, ba a shigarsa sai an kayar da Radahn da wani babban mai suna Mohg, don haka sayensa zai jira. Kafin lokacin ina tara kuɗin RX 6600 na hannu, wanda ya fi wannan ƙarfi nesa ba kusa ba kuma wat 132 kawai yake ci. Ranar Alhamis zan kai wa dattijo akwatin ya duba ko na'urar ba da wutar da ke ciki tana da sauran lafiya, ya kuma ce in riƙa wanke ragar ƙurar gaba duk mako biyu har zafi ya sauka.